Kalmar da Na Ji da Kunnen Hausa

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ka yi haƙuri da na dame ka da wannan doguwar takarda a makon da za ka fara aiki, lokacin da kanka zai cika da sunayen shugabanni da lambobin bas. Na san za ka ce, Umma, ga waya, me ya kawo biro? Na gwada. Sau uku ina danna wurin ɗaukar murya ina gogewa, don da zarar na iso inda maganar take sai bakina ya koma gaisuwa. Shi ya sa na bari Abbanka ya tafi ofishinsu na kago, masu jigilar kaya, na yi walaha, na zauna da takarda.

Allah Ya sauke ka lafiya a Muhaisnah. Ya haɗa ka da abokan ɗaki masu mutunci, Ya tsare ka daga wutar lantarki da santsin tsani da zafin rana a kan rufin mutane. Duk esin sanyaya ɗaki da ka taɓa wajen gyara, Allah Ya sa ya yi sanyi a hannunka.

A ƙasan jakarka, ƙarƙashin sallaya, akwai ƙunshi a cikin farin zane. Kada ka kwance shi sai ka iso inda zan ce ka kwance. Ba zan ba ka labarin gida ba, ka san shi. Laifina zan gaya maka, ɗaya bayan ɗaya, don kada ka je ka maimaita shi a cikin mutanen da za ka zauna da su.

Kana da wata goma sha ɗaya muka biyo Abbanka Dubai. Fulat ɗinmu na unguwar Satwa ka tuna shi: ɗaki uku, iyali uku, kicin ɗaya. Ɗakin da ke jikin namu na Nirmala ne, ba'indiya, 'yar addinin Hindu, mijinta ya rasu, tana yi wa wani shagon teloli ɗinki a ɗakinta. Ni a lokacin abin da na sani na Indiyawa bai wuce finafinan da muka gani muna 'yan mata a Kano ba, na ɗauka kowa da rawa yake magana. Sai ga mace shiru-shiru, gashi da furfura tun ba ta tsufa ba, kullum da zare maƙale a rigarta. A kusurwar ɗakinta akwai kanta da hotuna da 'yar fitilar mai. In zan wuce ƙofarta sai in yi a'uziyya in yi sauri.

Da na sami aikin kula da yara a motar makaranta, ba ni da inda zan bar ka. Ita ta ce in kawo ka. Da guntun Larabcin kasuwa da guntun Turanci da nuni da hannu muka yi maganar. Na je ina goge hancin 'ya'yan wasu, wata tana goge naka.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Na ɗauko wannan kunyar tun daga Kano na kawo ta ƙasar da ba wanda ya san da ita, na ci gaba da yi wa bango kara. Ita kuwa Nirmala sunan da bakina bai taɓa furtawa ba, sau ɗari take kiransa a wuni, har da ja masa wutsiya kamar waƙa. Ina jiyo ta ta cikin bango. Da bakinka ya buɗe, ni ka ce mini Umma, ita ka ce mata Mama. Ba wanda ya koya maka.

Ranar da ka fara tafiya na dawo daga aiki da la'asar, jakata ma ban sauke ba. Kana tsaye riƙe da ƙafar keken ɗinkinta. Na durƙusa a bakin ƙofa, ita tana zaune a ƙasa tana yanka yadi. Ka dube ni, ka dube ta, ka saki keken, ka yi taku uku ka faɗa jikinta. Ta rungume ka, ta ɗora tafin hannunta a kanka, ta rufe ido, ta ce a hankali:

"Idam na mama."

Babana, ni abin da kunnena ya ji shi ne: "I, ɗan na Mama." Na ce a raina, wato matar nan ta zauna tana sauraron Hausarmu ta bango har ta haɗa kalma huɗu, don kawai ta gaya mini a fuskata cewa ɗan nata ne. Na yi murmushi, na ce mun gode, na ɗauke ka. A ɗaki na zaunar da kai da ƙarfin da bai kamata ba, ka yi kuka, ban rarrashe ka ba.

Daga ranar na riƙa kasa kunne. In ta gama ba ka abinci, ta faɗa. In ta yi maka wanka, ta faɗa. In na zo ɗaukar ka, sai ta dafa kanka ta faɗa kafin ta sake ka. Shekara takwas ina jin kalmar nan, ban taɓa cewa, 'yar'uwa, me kike nufi ba. Kicin ɗaya muke, gishiri muke ara wa juna, tambayar ba za ta ɗauki minti ɗaya ba. Ban yi ba, don ina tsoron ta ce e, abin da kika ji shi ne.

To ga na farko. Inda za ka je akwai mutumin Nepal da na Bangaladash da na Misra da na Kerala a ɗaki ɗaya. Za ka ji magana ta yi kama da zagi, za ka ga dariya ta yi kama da da kai ake. Ka tambaya. Ko da kunya, ko za a ce ba ka da wayo, ka tambaya. Kada ka fassara bakin wani da kunnen garinku, musamman in zuciyarka ta riga ta shirya abin da take son ji.

Na biyu ya fi wannan muni, don na sa sunan Allah a ciki.

Kana da shekara uku ka daina cin tuwona. In na kai loma bakinka sai ka juya kai ka ce na Mama kake so, wato shinkafarta da miyar wake mai kurkum. Rannan na gan ka da alawar madara a hannu, irin wadda take ajiyewa a gaban hotunanta kafin ta raba wa mutanen gida. Na fizge na jefa a shara, na shiga ɗakinta ba sallama, na ce ɗana ba zai ci abin da aka miƙa wa wanin Allah ba. Wannan gaskiya ce, kuma ko yau ita zan faɗa. Amma na san abin da ya tura ƙafata zuwa ɗakin, kuma ba tauhidi ba ne. Tuwona ne da ya huce a kwano.

Na so ta yi fushi. Na so ta ce to ki nemi mai riƙe miki shi, in sami abin kai wa Abbanka. Sai ta haɗa tafukan hannunta ta ce ban sani ba, habibti, ki yafe. Washegari ta sayo 'yar tukunya sabuwa da cokali sabo, ta nuna mini, ta ce wannan nasa ne shi kaɗai, ba zai kusanci kantar ba. Kuma haka ta yi har muka rabu. Har labule ta ɗinka ta rufe kusurwar in kana ɗakin. In an kira azahar, ita ce mai ce maka, "Yalla, je ka yi abin da Ummanka ta koya maka," ta shimfiɗa maka tawul mai tsabta ta fuskar da ta ga ina kallo.

Ka ci gaba da ƙin tuwona.

Duk ranar da ka ji kanka yana cewa don Allah nake wannan faɗan, ka dakata ka duba ko akwai wani kwanonka da ya huce a gefe. Ka tsare addininka, kada ka ci abin da bai halatta ba, kada ka ji kunyar cewa a'a. Amma kada ka ara wa son zuciyarka rawanin malamai. Malaminmu na allo ya sha gaya mana cewa niyya ake dubawa kafin aiki, muna amsawa da ƙarfi don a tashe mu. Sai da na yi furfura na gane da ni yake.

Akwai kuma azumin da kake da shekara shida. Nirmala ba ta azuminmu, amma duk watan sai ta ture ɗinki da azahar ta ɗora babbar tukunya. Shinkafa da kayan lambu, ta zuba a robobi, wani direba ya zo ya kai wa leburori a Sonapur, wato masaukinsu na Muhaisnah, can inda kake yanzu, su sha ruwa da shi. Na taɓa ce mata, ke da ba kya azumi, me ya dame ki? Ta ce masu yunwa na Bagwan ne, hannunta kawai ya ara. Bagwan shi ne sunan da take kiran Ubangiji da shi. Ta faɗa tana goge gumi da gefen zanenta, ba ta ko dube ni ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni mai azumi, ni mai sauka, a ce wata ce ke ciyar da masu azumi a gidan da nake? Na sa Abbanka ya sayo kaji. Na yi dafa-duka wadda ƙamshinta ya kai har matakala, na sa yankan kaza biyu-biyu, na rubuta sunana a murfin kowace roba, wai don a sa ni a addu'a. Kai ne mai taya mu rufe murafen. Ka ɗaga kai ka ce, "Umma, me ya sa Mama ba ta rubuta nata ba?" Na ce ka rufe mini baki ka yi aikinka.

Kwana uku direban ya dawo ɗaukar kaya, ya tsaya a ƙofar kicin yana yi wa Nirmala godiya, wai mutanen sun ce mai kazar nan Allah Ya saka mata. Ashe ba wanda ya karanta murfin, yunwa ba ta karatu. Ban san lokacin da na ce, "Nawa ne! Masu kazar nawa ne!" ba. Da azumi a bakina, a gaban namiji baƙo, da murya irin wadda ban taɓa ɗagawa ba. Nirmala ta ce wa direban, "Gaskiya ne, na 'yar'uwata ne, ka gaya musu." Ta ci gaba da zuba shinkafarta.

Ban san ko an rubuta mini ladar ƙwayar shinkafa ɗaya a wannan shekarar ba. In ka yi alheri, Babana, ka yi ka wuce. In aka gode wa wani a kan aikinka, za ka ji abu ya taso maka daga ciki kamar kumallo, na san shi, jinina ne a jikinka. Ka haɗiye shi sau ɗaya ka gani. Wanda ka ce dominSa ka yi ai ba Ya buƙatar murfin roba.

Ba alherinta ne ya fi ci mini rai ba. Natsuwarta ce. Na yi ta jira in kama ta tana ƙirga abin da ta yi mana, ko ta yi gori ko da wasa ne, ban kama ba. Ina idar da sallah zuciyata tana tafasa, in jiyo ta tana waƙarta ƙasa-ƙasa keke yana tafiya, kamar wadda ba ta da abin da za a ƙwace mata. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Na zuba mata taki shekara da shekaru, kai kuma kana ƙara manne mata.

Yanzu na zo inda nake gogewa a waya.

Kana da shekara tara ka faɗo daga matakala ka karye a hannu. Mu biyu muka kai ka asibiti. Ni ke riƙe da kai, amma da aka zo gyara ƙashin, Mama ka kira. Ma'aikaciyar jinya ta dube mu ta ce wace ce uwar, kuma Nirmala take kallo. Na ce ni ce. Nirmala ta matso ta dafa kanka, ta faɗi kalmar nan tata, ka yi shiru.

A makon na fara yi wa Abbanka magiya. Na ce Satwa ta yi nisa da Deira inda yake aiki, yana shan wahalar bas. Na ce yaro ya fara wayo, bai kamata ya tashi yana ganin hotunan bauta ba, alhali shekara shida ke nan suna bayan labule. Ya ce, "Matar nan fa ta yi mana halacci." Na ce halacci ba ya sayen imani. Ƙarshe ya nemo mana ɗaki a wata unguwa. Ita ta taya ni ɗaure kaya. Ita ta ɗinka labulen da ke tagar ɗakinka har yau.

Bayan wata ɗaya kana ta naci a kai ka wurinta, na ce maka ta koma Indiya. Ka ce, "Ba ta yi mini sallama ba?" Na ce haka baƙi suke. Kwana biyu ba ka ci abincin kirki ba, daga nan ba ka sake ambaton ta ba. Abbanka ma haka na gaya masa, kuma har yau haka ya sani.

Ba ta je ko'ina ba. Tana nan a ɗakin nan na Satwa, jirgin metro ɗaya da 'yar tafiyar ƙafa daga inda ka girma. Na ce mata karatu ya yi maka yawa, in an yi hutu zan kawo ka. Duk shekara, saura 'yan kwanaki ƙaramar sallah, sai in gan ta tsaye a inda motar makarantarmu ke ajiye yaro na ƙarshe, da leda a hannu. Riga ce ta ɗinka maka. Ta ce yaya yake, in ce lafiya, ta ce alhamdulillah irin yadda ta ji muna faɗa, ta juya. Ni kuma in kawo rigar in sa a ƙasan akwatina.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: duk rigar da ta kawo, sai na rufe ƙofa na ɗora ta a kan wadda kake sawa a shekarar, ina fatan ta yi kuskure. Ba ta taɓa yi ba. Shekarar da ka yi tsawo farat ɗaya ma ta ƙara hannun. Ni da na haife ka sai na kai ka shago an gwada, ita ba ta gan ka ba ta san faɗin kafaɗarka. Wallahi na taɓa zama da almakashi a hannu a kan ta shekara ta biyar. Tsoron Allah ya hana ni yankawa, kishi ya hana ni ba ka.

Kada ka yi ƙaryar da sai ka ciyar da ita duk shekara. Ban da abin da zan ƙara a kan wannan.

Talatar da ta wuce Nirmala ta kira ni a waya, karo na farko. Ta ce idonta ya ƙi, ba ta ganin ramin allura, shagon ya sallame ta, za ta koma gida wurin ɗan ƙaninta. Ta ce in zo in karɓi abu. Na je da hantsi. Ɗakin ya zama fili, kantar nan an kwashe, sai tabon fitila a bango. Ta rame. Sai da na yi magana ta gane ni, ta ce, "Habibti, muryarki ba ta tsufa ba, ko ke ce kike ɓoye ta ba kya amfani da ita?"

Ina zaune wata matashiya maƙwabciyarta ta shigo da mijinta. Keken ɗinkin za su ɗauka, ta ba su kyauta, keken da ya ciyar da ita tun kafin a haife ka. Kafin su ɗaga, ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta rufe ido, ta ce, "Idam na mama."

Abin ya fito daga bakina kafin in kama shi. Na ce, "Keken ma ɗan Mama ne? Kin bayar kuma kina cewa naki ne?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, me? Na maimaita mata kalmar, na fassara mata ita da Larabcin da muka saba: ɗan na Mama ne, nawa ne. Na ce shekara ashirin ke nan ina jin ta.

Sannan ta zauna a kan katifa.

Ta ce ba Hausa ba ce, ba ta san Hausa ba ban da sannu da na gode. Tsohon harshen addu'arsu ne. Mahaifinta mai hidimar wurin bauta ne a ƙauyensu, in yana zuba hadaya a wuta haka yake cewa, ita kuma ta ɗauka tun tana yarinya. Idam shi ne wannan, kalmar na kuma a wajensu ita ce a'a. Mama shi ne nawa. Abin da take cewa shi ne: wannan ba nawa ba ne.

Ta ce, "Bagwan ya ara mini ɗa ɗaya, wata bakwai, ya karɓi abinsa. Na yi shekara biyu ina faɗa da shi, ina cewa nawa ne. Ranar da kika miƙo mini naki, na ji zuciyata ta sake cewa nawa. Na ji tsoro. Shi ya sa duk lokacin da na taɓa shi sai na gaya wa zuciyar, ba naki ba ne, ki yi masa hidima ki sake shi. Da ita nake, ba da ke ba."

Sai kuma ta fara dariya, tana yi tana share ido da gefen zane. Ta ce, "To ashe da bakinku ina cewa ɗan na uwarsa ne. Ai wannan ma gaskiya ce. Harshe biyu, kuma ba wanda ya ba ni shi."

Na gaya mata komai. Indiyar da na kai ta tana zaune a Satwa, da akwatin, da almakashin. Ta ce ta sani tun shekara ta uku, yaron da ya sami riga ai zai aiko ko da zane ne a takarda. Na ce to me ya sa kika ci gaba? Ta ce, "In na cire zare na ƙarshe, khalas, shi ke nan, ta fita hannuna. Inda za ta je ba aikina ba ne." Ta miƙo mini ledar bana. Ta ce ɗinkin ya karkace a wuya, da lalube ta yi shi.

Zan so in ce maka na fito daga ɗakin nan da wankakkiyar zuciya. Ba haka ba ne. A cikin metro ina kuka ina jin haushinta, don ko fushi ba ta yi ba balle in sami abin riƙewa. Ban yarda da abin da take durƙusa wa ba, ba zan yarda ba har in koma ga Allah, kai ma na san inda ka tsaya, hisabinta kuma ba a hannuna yake ba. Amma ni ce aka koya wa tun ina riƙe da allo cewa ɗa amana ne. Ni ce duk gidan rasuwar da na shiga nake cewa mu na Allah ne. Bakina ya faɗa sau dubu, bai taɓa sa ka a ciki ba. Ita ta yi shekara ashirin tana cewa ba nawa ba ne, ni na yi shekara ashirin ina cewa nawa ne, kuma ka san wadda ka kira a asibiti. Har yanzu da nake rubutun nan ina kishinta. Yanzu ba kai kaɗai nake kishi a kai ba, har da wannan sakin hannun da ta iya ni ban iya ba.

Kwance ƙunshin. Goma sha biyu ne, na jera su daga ƙarama. Ta sama ita ce ta bana, mai karkataccen wuya. Ban gwada ta a kan taka ba, wannan karon na bari.

Saura kwana goma jirginta ya tashi, kuma hutu ɗaya kake da shi kafin nan. Ɗakin bai canja ba, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe. Ba ta roƙe ni in turo ka ba, ko da wasa. Ni ke roƙo. Ka sa rigar ka je. Ba za ta gan ka sosai ba, sai ka yi magana, ka sunkuya ta kai hannu kanka. In ta faɗi kalmar, yanzu ka san abin da take nufi. In ka kira ta Mama, ka kira. Zai yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, amma na ci bashin wannan zafin da daɗewa a wurin da ba a biya da kuɗi. Abbanka zan gaya masa da bakina yau in ya dawo, kada ka riga ni.

Abin da ban sani ba shi ne ko bayan ka karanta za ka iya duban fuskata. Na raba ka da wadda ta riƙe ka, na bar ka kana ɗan shekara tara kana zaton an tafi an bar ka ba sallama. Ba ni da hujja. Ina neman gafararka bayan ta Allah.

Allah Ya tsare ka a fitarka da shigarka, Ya sa albarka a guminka, Ya kare ka daga irin zuciyar da na yi fama da ita. Na ba da kai ajiya ga Wanda ajiyarSa ba ta ɓata, kuma yau ina ƙoƙarin in faɗe ta har ciki, don dama naSa ne kai.

Ka ba ni amsa da wuri, ko layi ɗaya ne, ko na faɗa ne. Ina jira, Idrisu.

Ummanka